Bashin kati da bashin gida a Amurka: ta wace ƙofa iyali za su fita?

Wata Lahadi bayan isha'i na je gidan ƙanen wani abokina a Kolumbus ta jihar Ohayo. Shi tuƙi yake yi, maiɗakinsa tana aikin kula da tsofaffi, 'ya'yansu uku. Ban gama shan shayi ba sai ta fito da wata leda ta zazzage a kan tebur. Ambulan ne sun fi talatin, rabinsu ko buɗewa ba a yi ba. Ta ce, "Yaya, don Allah ka yi masa magana. Wata uku ke nan, in wasiƙa ta zo sai ya cusa a nan." Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana ta juya makullin mota. Muka zauna lissafi har ƙarfe ɗayan dare. Katin bashi biyar, jimilla dala 20,000 da 'yan kai, kuɗin gida kuma wata biyu ba a biya ba.

Bashi hanji ne, kuma a ƙasar nan maganar ta zauna daram. A 2023 bashin kati da ake bin Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1, ruwan da bankuna ke ɗorawa a kai ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Hanyoyin fita suna da yawa, kowace da mai tallanta, kuma na lura wadda aka fi cika wa mutane kunne da ita a rediyo da waya ita ce ta fi tsada.

Kafin a kwatanta komai, sai an raba bashin nan gida biyu. Bashin gida yana da jingina: in ka daina biya, gidan za a karɓe a yi gwanjonsa. Bashin kati ba shi da jingina. Abin da mai kati ya saba yi shi ne ya dame ka da kira, ya ɓata maka kiredit, wato tarihin biyan bashinka da masu ba da rance ke dubawa, in abin ya yi nisa ya kai ka kotu, a yawancin jihohi kotu ta ba shi izinin yankar wani abu daga albashinka. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya fitar da yara waje a tsakiyar hunturu. Abin da ke rikita mutane shi ne masu kati sun fi surutu. Su ne ke kira safe da yamma, sai mutum ya riƙa toshe musu baki da ɗan abin da ya samu, kuɗin gida yana taruwa shiru. Haka na tarar a gidan nan: kowane kati an biya masa mafi ƙarancin abin da ya nema, gidan da ake kwana a ciki shi aka bari.

Gidan tukuna

Dokar tarayya ta hana kamfanin da ke karɓar kuɗin gida fara shari'ar ƙwace gida sai biya ya yi jinkirin fiye da kwana 120. Wata huɗun nan su ne jarinka, kada ka cinye su da ɓuya. Ma'aikatar gidaje ta HUD tana da jerin masu ba da shawara da ta amince da su, kuma taimakonsu a kan hana ƙwace gida kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi tun farko ya ceto maka gida, ko ka sa hannu ka miƙa masa takardar mallaka "na ɗan lokaci", ka tashi ka bar masa wurin.

Kamfanin da kansa yakan ba da ɗaya daga abu biyu. Akwai dakatar da biya na wasu watanni, wanda ya dace da wanda matsalarsa mai wucewa ce, kamar rashin lafiya ko rasa aiki. Amma fa ba yafiya ba ce. Tambayar da za ka yi kafin ka amince ita ce: in watannin sun ƙare, a dunƙule zan biya, ko za a rarraba, ko za a tura ƙarshen bashin? Ka sa su rubuta maka amsar. Akwai kuma sauya sharuɗɗan bashin gaba ɗaya, a tsawaita shekaru ko a rage ruwa, a zuba abin da ya taru cikin uwar kuɗin. Wannan shi ya fi dacewa da wanda samunsa ya ragu kuma ba alamar zai dawo da wuri. Takardu ne da shi kamar me, sai ka aika abu ɗaya sau uku, amma biyan wata-wata yakan sauko.

Sai hanyar da nake ganin ta fi kowace haɗari, ita ce kuma ta fi kyau a ido: ka ci sabon bashi a kan darajar gidanka ka biya katunan duka. A takarda lissafin yana da daɗi, tunda ruwan gida bai kai na kati ba. Abin da ba a faɗa maka shi ne ka ɗauki bashin da ba shi da jinginar gidanka ka ɗaura wa gidan a wuya. Ga kuma wata asara: wanda ya sayi gida a 2020 ko 2021 ya samu ruwa wajen kashi 3, alhali a Oktoban 2023 ya kusa kashi 8. Wanda ya saki tsohon bashinsa mai sauƙi don ya biya kati ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Katunan kuma da aka share suna nan a aljihu, fanko, suna jira.

In an yi lissafi an ga gidan ya fi ƙarfin iyali ko da an sassauta, sayar da shi da hannunka ya fi a yi maka gwanjo. Farashin gidaje ya tashi sosai tun daga 2020, mai yiwuwa abin da zai rage bayan an biya banki ya share katunan har a samu na kama haya. Na san da ciwo, musamman ga wanda ya riga ya tura hoton gidan wa 'yan'uwa a Kano ko Damagaram.

Katunan

A ɗauki dala 20,000 a kan ruwa kashi 22. Ruwan wata ɗaya kawai ya kai dala 367. In kana biyan 600 kowane wata ba ka ƙara taɓa katin ba, sai ka yi wata 52, ka biya ruwa sama da dala 11,000. Da wannan ma'aunin za a auna sauran hanyoyin.

Mafi arha ita ce ka biya da kanka ba tare da ka ɗauki kowa ba. Kowane kati a ba shi mafi ƙarancinsa, duk rarar da aka samu a danna wa guda ɗaya. Masu lissafi sun ce a fara da wanda ruwansa ya fi yawa, kuma gaskiyarsu, shi ya fi rage asara. Wasu sun ce a fara da ƙaramin bashi don a ga ɗaya ya mutu da wuri a samu ƙarfin gwiwa. Ni ban ɗauki gardamar da zafi ba. In mutum irin wanda ke cusa wasiƙa a leda ne, ya fara da ƙaramin. Sharaɗin hanyar ɗaya ne: sai akwai rara ta gaske bayan gida, abinci, mota da inshora. In babu, kada a yaudari kai.

Mayar da bashi kan sabon kati mai ruwa sifili na wata 12 zuwa 21 yana da amfani ga wanda kiredit ɗinsa bai lalace ba. Ana cire ladan kashi 3 zuwa 5 tun farko. Dala 10,000 a wata 18 na nufin wajen 570 kowane wata, in ba haka ba wa'adi ya cika ruwa ya dawo. Rancen haɗe basussuka wuri ɗaya ma haka yake, sai mai kiredit mai kyau ke samun ruwa mai sauƙi. Wanda ya riga ya makara wata biyu a kuɗin gida, waɗannan ƙofofi biyu sun rufe masa, ba sai mun daɗe a kansu ba.

Yanzu ga guda biyun da ake yawan rikitawa, alhali tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne.

Ta farko, ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi waɗanda ba na neman riba ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin NFCC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar da ta kafu tun 1951. Zaman farko galibi kyauta ne. Suna magana da bankunan a rage ruwa, kai kuma ka riƙa ba su kuɗi sau ɗaya a wata suna rarrabawa, shekara 3 zuwa 5. Uwar kuɗin duka za ka biya, za a rufe katunan, akwai ɗan lada na wata-wata da yawanci bai kai dala 50 ba. A ce an sauko da ruwan nan daga 22 zuwa 8: da 600 ɗin nan dai za ka gama a wata 38, ruwan da za ka biya bai kai dala 3,000 ba. Rufe katunan da mutane ke ƙi, ni a wurina shi ne rabin maganin. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka kai musu komai, har katin kantin da maiɗakinka ba ta san da shi ba.

Ta biyu, kamfanonin sasanta bashi, masu cewa za su sa a yafe maka rabi. Yadda suke aiki: su ce ka daina biyan katunan, ka riƙa tara kuɗi a wani asusu, in bankin ya gaji sai su yi tayin biyan wani kaso. A tsawon wannan lokaci tara da ruwa suna hawa, kiredit yana rugujewa, kuma babu abin da ya hana bankin kai ka kotu, babu kuma dokar da ta tilasta masa yarda da tayin. Ladansu kan kai kashi 15 zuwa 25 na bashin. Tun 2010 FTC, hukumar tarayya mai kula da harkokin ciniki, ta hana masu tallar wannan aiki ta waya karɓar lada kafin su sasanta bashi, don haka wanda ya nemi kuɗi tun farko ya nuna maka ko shi wane ne. Sannan ga haraji: in an yafe maka dala 600 ko fiye, za a aiko maka da takardar haraji mai suna 1099-C, kuma hukumar haraji tana iya ƙirga abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. Wanda ke da 'yan kuɗi a hannu yana iya kiran bankin da kansa ya yi wannan cinikin, ba ɗan tsakiya.

Kotun karayar arziki ita ce kalmar da ba a son ji a majalisarmu, amma ga wasu iyalai ta fi sasantawar nan mutunci da arha. Babi na 7 na dokar karayar arziki yana share bashin kati cikin 'yan watanni, kuɗin shigar da ƙara dala 338 ban da na lauya, sai dai tun dokar 2005 ana auna samunka a ga ko ka cancanta, kuma tabon yana zama shekara 10 a tarihin kiredit. Ko gidanka zai tsira ya danganta da jiharka. Tekzas da Filorida sun fi yawancin jihohi kare gidan zama. Babi na 13 shi ne na mai son riƙe gida: da an shigar da ƙara ake dakatar da gwanjo, a ba ka shekara 3 zuwa 5 ka biya abin da ya taru a ƙarƙashin kulawar kotu, tabonsa shekara 7. Kuɗin ciyar da yara da yawancin bashin karatu ba sa goguwa ta nan. Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada ka fasa asusun fanshonka na 401k don biyan kati kafin ka ga lauya. Kuɗin nan doka ta kare su daga masu bin bashi, in kuma ka cire kafin shekara 59 da rabi, ga haraji ga tarar kashi 10. Batun ko abin da kotu ta yafe ya sauka daga wuyanka a wurin Allah, wannan ka zauna da malamin da ka yarda da shi.

Da yake an zo nan: da yawa daga cikinmu abin da ke hana su barci ba adadin ba ne, ribar ce. Akwai masu ba da kuɗin gida bisa tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential da UIF da bankin Devon na Shikago. Amma su ma suna duba kiredit da albashi, ba masu ceton wanda ruwa ya kai wa wuya ba ne. Wuri ne da za a nufa bayan an miƙe. Abin da ke kusa shi ne zakka, domin waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma masallatai da dama a nan suna da asusunta. Kunya ce kawai ke hana tambaya. Adashi ma yana aiki in an ba mai bashi kwasar farko ya kashe kati mafi ruwa, da sharaɗin zubin bai hana biyan gida ba.

Mutanen Kolumbus ɗin nan, da muka cire gida da abinci da mota, rarar da ta fito ba ta kai dala 300 ba, ba za ta ɗauki kowace hanya ba sai kotu. Muka sake bin takardar banki layi-layi, sai ga dala 500 da ake tura wa dangi a gida kowane wata: 200 na Hajiya, sauran na makarantar 'ya'yan ƙanne, da biki, da gini da aka fara shekara huɗu ba a kai linta ba. Wani watan ma da katin ake cirewa a tura. Aka bar na Hajiya yadda yake, aka tsayar da sauran na shekara uku, rarar ta koma kusan 600. Da ita suka shiga tsarin ƙungiyar ba da shawara, kamfanin gida kuma ya yarda ya tura watanni biyun nan ƙarshen bashi. Kiran bankunan bai ba maigidan wuya ba. Wanda ya ɗauke shi mako biyu yana ɗagawa shi ne kiran yayansa a gida, ya gaya masa a dakatar da ginin.