Rijiyar gida ko foraj?

A kudancin Damagaram, wajen Magariya da Matamai, ruwa na kusa, gina rijiya ba wuya. Amma bakinta a buɗe yake. Guga da igiya su kwana a ƙasa cikin kashin awaki, da safe a zura su ciki. Damina ta sauka, ƙazantar masai ta tsiyayo, gudawa ta kama yara. Shi ya sa ake son masai ya yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya.

Foraj, wato rijiyar burtsatse, a rufe yake, ni shi na zaɓa, duk da tsada da lalacewar famfo. Sai dai a auna ruwansa tukuna: a Tibirin Maraɗi, sinadarin fuloraid na ruwan foraj ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa.