Kafin ka sayi tsohon bugun zanen Goya

Zane na 43 cikin jerin zane 80 mai suna Los Caprichos, wanda mai zanen Sifaniya Francisco Goya ya fitar a Madrid a 1799, shi ne wanda masu saye suka fi rububi. Mutum ne ya kifa kai a kan teburi barci ya ɗauke shi, mujiyoyi da jemagu sun taso masa ta baya, ga wata kyanwar daji a kwance ta zuba masa ido. A jikin teburin an rubuta cewa in hankali ya yi barci, dodanni ake haifa. Abin da ke sa tsikar jiki ta tashi shi ne duhun da ke bayan tsuntsayen, kuma wannan duhun ne kake biyan kuɗinsa.

Ga dalili. A farantin jan ƙarfe Goya ya karta layukan da allura, ruwan asid ya ci su, sannan a shafa tawada a danna farantin a kan takarda. Duhun kuwa da garin ƙaro ya samar da shi, ramukansa ƙanana ne ƙwarai, su ne ke fara cinyewa duk lokacin da injin ya matse farantin. Shi ya sa bugun farko, wanda aka yi Goya yana raye, duhunsa kamar daren da babu wata. Tsada gare shi, sai manyan gidajen gwanjo.

Goya ya miƙa wa sarkin Sifaniya farantan nan 80 a 1803, ya rasu a 1828, aka ci gaba da bugawa daga jikinsu har bugu na 12 a 1937. Waɗannan ba jabu ba ne, farantin dai nasa ne. Sai dai a wasunsu duhun ya koma toka-toka, rubutun jikin teburin ya dusashe, jemagun sun zama kamar tsumma a iska. A nan mai matsakaicin aljihu zai tsaya, amma ya sa dillali ya rubuta masa bugu na nawa ne. In ya fara kame-kame, kama gabanka.

Akwai kuma hoton zanen da aka buga da injin zamani. Ba laifi a rataye shi a falo, muddin kuɗin hoto aka biya.

Da hannu da ido ake rarrabewa. Nemi a cire takardar daga firam. Bugu na gaske yana da shatin da gefen farantin ya danna a takarda, ko da yake masu jabu ma sun iya yin shatin, don haka kar ka tsaya nan. Ɗora gilashin ƙara girma a kan fikafikan mujiya: tawada ta ɗan tashi sama a kan layin kamar yadda take a bugu na gaske, ko kuwa ɗigo-ɗigo ne jere reras kamar hoton jarida? Sannan ɗaga takardar ga haske ka duba tabon danshi, da inda aka liƙe yagewa ta baya.

Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin zane na 43 da ya koɗe da wani da ba a cika nema ba cikin jerin amma duhunsa na nan, na biyun zan ɗauka, in rage canji.