Na'urar auna danshin ciyawa: tana aiki, amma ba a kan kowace ciyawa ba

Masu kiwo da masu tara ciyawa dan rani sun sha tambayata akan wannan na'urar mai dogon tsinken ƙarfe da ake sokawa cikin damin ciyawa ta faɗa maka yawan danshin da ke ciki, wai shin ta cancanci a saya ko kuwa kayan yayi ne kawai. To ga abinda na gani bayan na yi aiki da ita akan gamba da kyasuwa da Rhodes da kuma ciyawar giwa, wato Napier. Sunan kamfani kam bazan kama ba, dan kusan duk masu tsinken nan hanya ɗaya suke aiki, matsalarsu ma iri ɗaya ce.

Ita dai abar ba wani tarkace gareta ba. Mariƙi ne mai ɗan gilashi da ke nuna lamba, da maɓallai, da tsinken ƙarfe mai tsayin kusan rabin mita, sai batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na 9V. A bakin tsinken akwai ƙarafa biyu da roba ta raba tsakaninsu, idan ka soka sai ta tura ƴar wutar lantarki kaɗan ta bi ta cikin ciyawar daga wannan ƙarfen zuwa wancan. Ciyawa mai lema tana barin wuta ta wuce da sauƙi, busasshiya kuma tana tare ta, daga nan ne take lissafo maka kashi nawa cikin 100 ruwa ne. Ka riƙe wannan a ranka dan duk ƙaryar da zata yi maka daga nan take fitowa: ba ruwan take aunawa kai tsaye ba, abinda bakin tsinken ya taɓa kawai ta sani. Tawa tana karantawa daga wajen kashi 8 zuwa 40 da ɗoriya, kuma tana da maɓallin auna zafi daban.

Inda ta burge ni shine akan busasshiyar ciyawa mai siririn kara da aka ɗaure tam, irin Rhodes da kyasuwa da gambar da aka yanka da ƙuruciyarta. Nan kam ba laifi wallahi. Ƙa'idar da aka sani ita ce ƙaramin dami kar ya wuce kashi 18 zuwa 20, manyan damin nan da inji ke naɗewa ya matse su sosai kuma gara a sauko wajen 15 zuwa 16 saboda iska bata ratsa tsakiyarsu, gumin da ke ciki bashi da hanyar fita. Ƙasa da 15 hankalinka kwance. Daga 20 zuwa sama fumfuna ta samu wurin zama, in ya haura 25 kuma ba maganar lalacewa kaɗai ake ba, maganar gobara ake. Hannu da ido basa iya raba 17 da 23, duk gwanintar mutum a murɗa ciyawa ya ji ko zata karye, amma na'urar tana rabawa, kuma wannan tazarar ita ce tsakanin ciyawar da zaka buɗe bayan watanni ka ganta kore-kore da ƙamshinta da wadda zaka buɗe farar ƙura ta turnuƙe ka.

Ƙurar nan kuwa ba ƙasa bace, ƙwayoyin fumfuna ne. Doki shi yafi saurin shan wahalarta, tari da sarƙewar numfashi, shanu ma suna rage ci, wasu nau'in fumfunar kuma suna barin guba a cikin abincin. Shi kansa mai zuba ciyawar in ya daɗe yana shaƙa akwai ciwon huhu da likitoci suka sani yana kama manoma ta wannan hanyar.

Amma ni a wajena abinda ya fi komai amfani a jikinta ma'aunin zafin ne, kuma mutane basu cika kula shi ba. Ciyawa in aka ɗaure ta bata mutu gaba ɗaya ba, tana ɗan numfashi, ga ƙwayoyin halitta a jikinta suna cin sikarin da ke ciki, duk wannan zafi yake haifarwa. Ɗan ɗumi a kwanakin farko ba komai bane, ko da ya kai kusan digiri 49 a ma'aunin Salshiyas indai ya fara sauka. In ya wuce 55 sai ka riƙa dubawa kullum, 65 an shiga haɗari sosai, wajen 80 kuma kar ma ka ce zaka buɗe tarin da kanka dan iska na shiga wuta zata iya tashi, ƴan kwana-kwana ake kira. Yawancin gobarar ciyawa cikin sati shida na farko bayan ajiyewa take faruwa, shi yasa a wannan tsakanin tsinken yake biyan kuɗinsa. Sai dai fa yana da nawa wajen zafin, sai ka bar shi a ciki na ƴan mintuna kafin lambar ta tsaya, in ka soka ka zare nan take zafin ƙarfen kawai zaka karanta.

Akwai kuma wata asara da ba a ganinta wadda zafin nan ke jawowa tun kafin a zo maganar wuta. Zaka buɗe dami ka ga tsakiyarsa ya koma ruwan ƙasa, yana wani ƙamshi mai daɗi-daɗi kamar na taba, ka zuba wa shanu su yi ta wawaso, kai kuma kana murna ciyawa tayi kyau. Alhali abinda ya faru shine zafi ya sa sikari da furotin sun haɗe sun ɗaure, dabba zata ci amma cikinta bazai iya fitar da furotin ɗin ba, ta kashi zai bi ya fita. Ciyawar ƙasashe masu zafi dama can furotin ɗinta ba yawa gareshi ba, musamman in ta tsufa ta fitar da kai, to in ɗan wanda ke ciki ma ya ɗaure me ya rage? Dabba na ci ciki na cika amma ba nono ba ƙiba.

Yanzu ga inda na'urar ta bani haushi. Ciyawar giwa da tsohuwar gamba karansu kauri gareshi, ganye da bayan karan zasu bushe ƙayau a rana amma ɓargon ciki yana nan da ruwansa. Ka soka tsinke ranar da ka ɗaure ta nuna maka 16, ka ji daɗi ka jera a sito, bayan kwana biyu-uku ruwan cikin karan ya fito ya bi ganyen, ka sake sokawa a wuri ɗaya ka ga 24 ko fiye, damin har ya fara ɗumi. Ba lalacewa tayi ba, bayan kara ta taɓa kuma bayan karan da gaske a bushe yake. Dan haka irin wannan ciyawar karatun ranar farko ba abin dogaro bane sam, sai ka ɗauki kara mai kauri ka tsaga da farce ko wuƙa ka duba cikinsa, in ya yi sanyi-sanyi a yatsa ko ka kankare bayan ya saluɓe to bata yi ba ko me gilashin ya nuna. Wanda zai iya farfasa karan ko ya daddatsa kafin shanya ya huta da rabin wannan matsalar.

Sannan takardar da ke cikin kwalin, in ka karanta da kyau, zaka ga akan wata ciyawar kiwo da ake kira alfalfa aka saita lissafin na'urar, ciyawar da ganyenta da karanta ba su yi kama da namu na wurare masu zafi ba ko kaɗan. Ban ce wannan ya sa ta zama banza ba, amma lambar da take bayarwa kiyasi ce, kar ka ɗauke ta kamar sakamakon ɗakin gwaji.

Wasu abubuwan ma suna juya mata lissafi. Damin da aka matse sosai yana nuna danshi fiye da sako-sako, tarin ciyawar da ba a ɗaure ba kuwa kusan ɓata lokaci ne, tsinken a iska yake yawo, sai dai ka cusa ta a bokiti ka danne da ƙarfi tukuna. In raɓa ta sauka da safe zata nuna lamba sama da gaskiya dan lemar a waje take. Masu fesa asid ɗin furofiyonik dan hana fumfuna suma zasu ga lambar ta ɗan haura. Kuma dami ɗaya ma ba lamba ɗaya yake bayarwa ba, gefe daban tsakiya daban, shi yasa nake soka wurare da dama a dami da dama, kuma babbar lambar nake ɗauka ba matsakaiciya ba, saboda dunƙule ɗaya mai lema a tsakiya ya isa ya fara zafi ya shafi na kusa dashi.

Masu yin sailej, wato ɗanyar ciyawar da ake daddatsawa a danne a rami ko leda a toshe iska ta yi tsami, ku kam ku riƙe kuɗinku, wannan ba taku bace. Sailej yana son danshi kashi 60 zuwa 70, na'urar kuma tun daga wajen 30 ta fara tangal-tangal, a 40 da wani abu ta ƙure. Kuma ciyawar giwa ɗanya sabuwar yanka tana kai kashi 80 ko fiye, ga sikarinta kaɗan ne, in ka binne ta haka ƙwayoyin da ke yin tsami mai kyau basa samun abinci da wuri, sai na ruɓa su riga su, ruwa baƙi ya riƙa tsiyaya ta ƙasa yana tafiya da amfanin, ranar buɗewa ka ji wani wari mai manne wa hannu har sabulu ya kasa, furotin kuma ya ruɓe ya koma amoniya, wato iskar nan mai warin fitsari. Maganin shine a bar ta ta sha iska ta yi yaushi na wasu awoyi, a ƙara molas, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura in an yi sikari, kamar kashi 3 zuwa 5 na nauyinta. In kuma ta bushe da yawa bata dannuwa, iska ta maƙale a ciki, fumfuna ta sake dawowa. Nan dunƙulen hannu ya fi na'urar nesa ba kusa ba: ka damƙi datsattsiyar ciyawar ka matse kamar rabin minti, in ruwa ya ɗigo tsakanin yatsu tayi lema da yawa, in ka buɗe hannu ta buɗe a hankali ba ɗigo to ta yi daidai, in ta watse nan take ta wuce.

Hanyar da nake bi in san ko na'urar na faɗin gaskiya akan wata ciyawa ita ce sikeli ƙarami da maikirowef, wato na'urar lantarkin nan ta ɗumama abinci. Ka yanka ciyawar ƙanana, ka auna giram 100 cif, ka sa a ciki tare da kofin ruwa a gefe dan kar ta kama wuta, ka riƙa ɗumamawa kaɗan-kaɗan kana fitowa da ita kana aunawa har nauyin ya daina sauka. In ya tsaya a giram 82 to danshinta kashi 18 kenan. Kar ka matsa daga wurin fa, tana ƙonewa da sauri in ta kusa bushewa. Da ka yi haka akan kowace irin ciyawa da kake ajiyewa zaka gane na'urarka da nawa take ragewa ko ƙarawa, daga nan sai ka riƙa gyara lissafin da kanka.

Ƙananan ƙorafi kuma: gilashin baya ganuwa sosai a tsakiyar rana, in batir ya yi sanyi lambobin sai su fara rawa tun kafin alamar batir ta fito, tsinken yana iya lanƙwasa in ka tura shi a karkace cikin dami mai tauri, kuma danƙon ciyawa yana taruwa a bakinsa ya ɓata karatu sai ana gogewa. A zare batir in za a ajiye ta da daɗewa.

Wanda ke ɗaure busasshiyar ciyawa da yawa yana jerawa a rufaffen wuri, ko mai sayen dami daga hannun wasu musamman dan dawaki, ya saya, ba zai yi nadama ba, ko dan ma'aunin zafin ma. Mai ƴan dabbobi kaɗan da ɗan tarin da yake iya juyawa da hannu, da mai ciyawar giwa zalla, da mai sailej, ƙaramin sikeli ya fi musu amfani. In ana ba da maki ne, uku da rabi zan bata cikin biyar, rabin nan ma dan zafin ne.