Wane takalmi za ka saya wa leburorinka kafin damina?

Mai gini a Zariya yakan yi lissafin siminti da rodi da yashi, ya manta da ƙafar leburan da zai shiga ramin harsashi, alhali cututtuka da yawa na wurin gini ta ƙafa suke shiga. Ƙwayar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Tsatsa ba ta haifar da ita, ƙusa ce kawai ke buɗe mata hanya. Ruwan da ya kwanta a rami kuwa yana iya ɗauke da fitsarin ɓera, wanda cutarsa ke shiga ta rauni ko faso ta kawo zazzaɓi, wani lokaci har ta taɓa ƙoda.

Silifas da kambas ba abin tattaunawa ba ne. Takalmin ruwa na roba zalla yana tare ruwa da laka, amma ƙusa na huda shi kamar tuwo. Takalmin fata na sefti mai lamba S3 yana da kyau ga kafinta da mai ɗaurin rodi, sai dai gajere ne, ruwan rami ta sama yake shigar masa.

Nawa zaɓin shi ne dogon takalmin roba mai lamba S5. A ƙa'idar ingancin takalman sefti ta EN ISO 20345, S5 na nufin yana da kariya mai ƙarfi a kan yatsu, yana kuma da faranti a tafinsa mai hana ƙusa ratsawa. S4 ba shi da wannan faranti, don haka kada a sayar maka da shi a matsayin S5. Dogon S5 ɗin tsayinsa ya kusa gwiwa, ga shi ana wanke shi da sabulu bayan aikin sokawe ko magudanar ruwa, abin da fata ba ta jurewa. Zafi gare shi, musamman a Maris da Afrilu, shi ya sa sai da safa biyu ga kowane mutum, a kuma kife shi ya bushe da dare. Da safe a girgiza shi saboda kunama.

Amma fa jabu ya yi yawa. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa kayansa na waje ne, sai ga ƙusa ta ratsa ƙafar wani yaro da ke mana kwaɓi. Da muka tsaga tafin, kwali ne a ciki. Ko a Sabon Gari za ka saya ko a Tudun Wada, ciro shimfiɗar ciki ka duba da idonka. Lambar ta kasance a jikin robar ko a ɗinke, ba takardar da aka manna ba. Ka tafi da maganaɗisu ka gwada tafin. Idan bai kama ba mai shago zai ce maka farantin ba na ƙarfe ba ne, na zare ne mai ƙarfi, kuma lallai akwai irinsa na gaske, to ya nuna maka shaida a rubuce. Na gwanjo kuma, lanƙwasa shi ka nemi tsaga, don roba na tsufa ko ba a sa ta ba.

Ko da S5 a ƙafa, a yi wa ma'aikata allurar tetanus, ana sabunta ta duk shekara 10. Wanda ƙusa ta soka, a wanke wurin da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a ranar, kada a zuba masa baƙin mai ko ruwan batir.