Yaya, ga yadda ake yi wa mai afendis a nan Ingila

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya. Kin ce in ba ki labarin bambancin asibitocin nan da namu, to bari in ɗauki abu ɗaya da nake gani kullum a sashen imajensi inda nake aikin nas, wato maganin zogi ga wanda aka kawo da ciwon afendis.

Kin san yadda ciwon yake farawa, wajen cibiya ne tukuna sai ya gangara ƙasan ciki ta dama, ga amai ga zazzaɓi mutum ko tari ya yi sai ya dafe ciki. A nan da an shigo da shi nas za ta tambaye shi daga 0 zuwa 10 ciwon naka nawa ne, in ya ce 8 ko 9 ba wani jan magana, a sa masa allura a jijiya a ba shi farasitamol ta ruwa, in bai lafa ba a ƙara da mofin, wato maganin zogi mai ƙarfi sosai, kaɗan kaɗan ana duba numfashinsa da bugun jini, wani lokacin fentanil, ɗan uwan mofin ɗin. Duk wannan tun kafin likitan tiyata ya sauko ya taɓa cikin.

Mu kuwa abin da muka taso muna ji shi ne kar a ba shi komai, wai maganin zai ɓoye ciwon likita ya kasa ganewa, sai ki ga bawan Allah yana murƙususu a kan benci ana ce masa ya daure. Kuma fa ba mu muka ƙirƙiro wannan ba, daga nan Ingilar ta fito. Wani likitan tiyata Zachary Cope ne ya rubuta a littafinsa na 1921 cewa kar a ba da mofin kafin a gano abin da ke cikin, kuma a zamaninsa yana da hujja, babu sikanin babu CT, hannun likita ne kawai da idonsa. Amma daga baya an yi ta gwaji a kan marasa lafiya, har masu binciken Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, suka tattara sakamakon a 2007 suka sabunta a 2011, suka ce ba da irin wannan maganin ba ya ƙara kuskuren gano ciwo. Ni ma abin da idona ya gani ke nan, mutum in zogi ya sauka ya fi iya kwanciya ya yi bayani, kuma in likita ya danna gurin har yanzu zai zabura, mofin ba ya kashe wannan alamar.

Kar ki ɗauka rabawa suke kamar alewa. Mofin a kabad yake a kulle, mu biyu za mu tsaya a ƙirga a rubuta a littafi kowa ya sa hannu, abin da ya rage a sirinji a zubar a gaban shaida, ga nalokson, maganin da ke warware aikin mofin, a kusa in numfashi ya yi ƙasa. A can ƙasarmu matsala biyu ce, wani asibitin maganin ma babu shi sam, sannan ɓarnar da taramol da kodin suka yi wa matasa ta sa kowa tsoro, har likita ya ji nauyin rubutawa. Na fahimci tsoron wallahi, amma allura ɗaya biyu a gadon asibiti ga mai jiran tiyata daban take da wanda ke sha a lungu.

Nan ɗin ma ba aljanna ba ce. NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin nan, na cewa a sallami mutum ko a ba shi gado cikin awa 4, amma ranar cunkoso sai a wuce haka nesa, mutane a kan gadon da ake turawa a baranda. Bambancin dai yana jira ne ba ya ihu. Tiyatar kuma yawanci ta 'yan ƙananan huji ce da kyamara, in afendis ɗin bai fashe ba washegari da yawa suke tafiya gida.

In Allah ya kiyaye wani ya kamu, kar a ba shi abinci kar a tsaya shan magani a gida, a tafi asibiti, kuma ki tambayi likita kai tsaye ko za a iya ba shi maganin zogi yayin da ake jiran hoto.