Ajin Turancin dare da ake koyarwa da talabijin

Akwai wani ajin koyon Turanci na manya da ake yi bayan sallar Isha'i a saman wani bene a wajen Gyaɗi-Gyaɗi, nan Kano. Abin da ya bambanta shi da irinsa shi ne talabijin ce allonsa. Malam yakan fara da faifan labarai da ya naɗo, a saurara na ɗan lokaci, ya tsayar, ya ciro magana guda, a zauna a kanta. In ƙarfe tara ta yi sai ya kamo labaran NTA, kowa ya kasa kunne ya ji ko maganar nan za ta fito daga bakin mai karanta labarai. Ni wayoyi nake sayarwa a kasuwar Farm Centre, kuma abin da ya kai ni ajin shi ne dilolinmu na Legas: ina gane abin da suke faɗa, amma in zan mayar musu da amsa sai harshena ya yi nauyi.

Darasin da ya sa na yarda da Malam shi ne na "on air". Tsohon ma'aikacin gidan talabijin ne, don haka da ƙofar situdiyo ya fara: jar fitilar da ke samanta, wadda in ta kama ba mai shiga, ba mai tari, domin duk abin da aka faɗa ya tafi gidajen mutane. Sai ya rubuta jimloli uku kawai. "The news goes on air at nine." "He apologised on air." "The station went off air." Ya sa kowa ya tashi ya gina tasa da abin da ya sani a rayuwarsa. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta miƙe ta ce gwamna yana "in the air" jiya da daddare. Malam bai bari an yi mata dariya ba. Ya ce, "Hajiya, kin ɗora shi a jirgin sama ne. Cire 'in the', sa 'on', sai ki dawo da shi cikin akwatin talabijin." Ta maimaita, ya sake sa ta, har ta faɗa ba tare da ta duba takarda ba.

Daga nan ya raba mana abin da mu da yawa muke haɗawa wuri ɗaya. Ba duk shirin da yake "on air" ne yake "live" ba. Wasan kwaikwayon da ake kallo a Arewa24 an ɗauke shi tun tuni, an tace, yanzu ne kawai ake sa shi. Shi kuwa wasan Firimiya da matasa ke cika gidan kallo dominsa ranar Asabar, kai tsaye yake zuwa, ana bugawa kana gani. Ya kuma daɗe a kan furucin kalmar, cewa "laiv" ake cewa a nan, ba "liv" ba. Yadda ya tsaya a kan bakin kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, ba ya gajiya, shi ya fi burge ni.

Ko da zai koya mana yadda ake faɗin abin da ya wuce, da tarihin talabijin ɗin kansa ya yi amfani. Tashar farko a Nijeriya, WNTV ta Ibadan, ta fara aiki a 1959. Ta Kaduna ta biyo baya a 1962. A 1977 aka kafa NTA, aka tattara tashoshin ƙarƙashinta. Tamu ta jihar Kano, wadda manyanmu suka sani da CTV, zamanin gwamna Abubakar Rimi aka kafa ta, kuma sunansa take ɗauke da shi yanzu, ARTV. Kowace shekara daga cikin waɗannan sai ya ce a mayar da ita jimla da "went on air". Dattawan ajin suka ware, kowa yana tuna lokacin da tasha takan buɗe da yamma ta rufe da dare, yara suna zaune gaban akwati suna jira. A ranar har waɗanda ba sa cewa uffan sai da suka yi magana, don zancen nasu ne.

Amma akwai gyara, kuma ba kaɗan ba. Talabijin ɗin ƙarama ce, ba a haɗa mata lasifika ba, ga ɗalibai sun fi ƙarfin ɗakin. In an ɗauke wuta aka tayar da janareto, wanda ke bencin baya hoto kawai yake kallo. Ajin da aka gina shi a kan sauraro, in ba a ji, me ya rage? An yi ta yi wa masu wurin magana, kullum amsar ita ce ana nan ana shiri. Rubutu ma an bar shi a baya. Ana ba da aikin gida, amma sau da yawa littafi yakan dawo ba a duba shi ba. Sannan an cakuɗa wanda ya gama sakandare da wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, sai masu ɗan ƙarfi su riƙa rigan kowa amsawa, na baya su yi shiru su koma gida da kunya. Wannan yana ci mini rai, don su ne suka fi buƙatar wurin.

Wani abin kuma, Turancin labarai daban, na ciniki daban. Na iya cewa minista ya yi bayani a talabijin, amma yadda zan ce wa dila kayansa sun iso da matsala, ya rage mini kuɗi, sai da na tare Malam a bakin matakala bayan an tashi. Ya amsa mini da kyau, har ya rubuta mini a bayan rasit, sai dai kamata ya yi a ware wa irin wannan dare guda a mako, tunda yawancinmu 'yan kasuwa ne.

Kuɗin wata bai kai abin da nake kashewa a data ba, kuma na sake biya. Wanda zai je, ya yi Isha'i a masallacin da ke kusa ya hau da wuri ya kama bencin gaba. Mata da dama suna fita kafin a tashi saboda dare da wahalar samun adaidaita sahu. In masu wurin za su buɗe musu aji na safiyar Asabar, na san matan layinmu da za su yi rajista a makon farko.