Shayin da ka ce in aiko, da awon da aka yi mini a Manchesta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali da dukan mutanen Mabera. Ya zafi? Mu nan sanyi bai gama sakinmu ba.

Saƙonka ya iso, cewa in nemo maka shayin rage teɓa irin na Turai, tunda likitan da kake gani a asibitin koyarwa na UDUTH ya ce sai ka rage nauyi saboda hawan jini. Yaya, ka yi mini afuwa, ban saya ba. Don kada ka ɗauka rowa ce ko raini na zauna in rubuto maka dalili. Shayin akwai shi nan, cikin kwalaye masu kyau, da tsada. Na juya bayan kwali uku na karanta, biyu daga ciki babban abin da ke cikinsu ganyen filasko ne, wanda tsofaffinmu ke jiƙawa don wankin ciki. Zai sa ka zawo, sikeli ya nuna ka ragu, amma ruwan jikinka ne ya fita, kitsen yana nan. Ga mai shan maganin hawan jini, cikin zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, ina tsoron abin da rashin ruwa zai yi wa ƙodarka.

Bari in ba ka labarin kaina, don ciwonmu ɗaya.

Ka san yadda na bar gida, siriri. Shekara huɗu ina aikin gadi da dare, zaune gaban allon kyamarori. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ba inda mutum ke marmarin zuwa. Kuma abin da ya fi arha a kantunan nan shi ne biskit da burodi da soyayyen dankali da lemo, naman halal da kifi su ne masu cin aljihu. Da na aiko hoto bara, Inna ta yi ta hamdala, wai Turai ta karɓe ni. A nan Ingila duk wanda ke tsakanin shekara 40 da 74, in ba an riga an san yana da ciwo irin su sukari ko hawan jini ba, ana kiransa a duba lafiyarsa duk shekara biyar, ba a karɓar ko sisi a wurin, ko da yake mu baƙi mun riga mun biya kuɗin lafiya tare da biza. Da na je, nauyina kilo 92, tsawona santimita 174, ƙuguna 103. Gwajin jinin da ke nuna sukarin wata biyu zuwa uku ya ba da 43, kuma daga 42 zuwa 47 bakin ƙofar ciwon sukari ne. Nas ɗin ta ƙara da cewa mu baƙar fata da mutanen Asiya ciwon yakan kama mu tun ba mu kai ƙibar da ke kama Bature ba.

Na yi ta gaya wa kaina, kamar yadda kai ma kake faɗa, jikina ne ba ya ƙona abinci, ko ruwa na sha sai ya zama kitse. Wani abokin aiki ya ce ai ana aunawa. Wannan ba ya cikin na kyauta, sai da na biya kusan ladan aikin dare guda a ɗakin gwajin 'yan wasanni na wata jami'a.

Sharaɗinsu kamar na azumi: daga dare ba ci, ba shayi, ba kofi, ba motsa jiki mai ƙarfi. Na tuna goronka, shi ma da sun hana, don sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikinsa. Da safe aka kwantar da ni a ɗaki shiru, ba sanyi ba zafi, na huta, sannan aka kife mini wani abu kamar akushin roba mai haske a kai, da mesa zuwa na'ura. Minti ashirin ba magana, ba barci, ba waya. Na'urar tana ƙirga iskar oksijin da jiki ya sha da iskar kabon da ya fitar. Hikimar ita ce wuta ba ta ci sai da iska, kuma kowace lita ta oksijin da jiki ya sha tana nufin ya ƙona kusan kalori biyar (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Ka ɗauki injin ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa da aka tayar ba a ɗora masa aiki ba, ai yana shan mai. To man da jiki ke sha yana kwance suke aunawa. Abin da ya ba ni mamaki, wannan shi ne kaso mafi girma, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mutum ke ƙonawa a yini. Hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda ne ke cinye mafi yawansa, ƙwaƙwalwa kaɗai tana ɗaukar kusan ɗaya bisa biyar. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan.

Nawa ya fito kalori 1,740 a yini. Matar da ta auna ni ta ce daidai yake da na mai shekaruna da girmana, babu wani sanyin jiki. Da zaman da nake yi, duka-duka bai wuce 2,300 nake ƙonawa ba. Ta sa na rubuta duk abin da na ci na mako guda, muka lissafa, ya tasar wa 2,800. Ranar na dawo gida jikina a sanyaye, don hujjar da na daɗe ina fakewa da ita ta faɗi. Na kawo mata zancen shekaru, ta ce wani babban bincike da aka buga a 2021, kan mutum fiye da 6,000 daga ƙasashe 29, ya nuna ƙunar jiki ba ta wani sauka tsakanin shekara 20 da 60. Zamanmu ne ke ƙaruwa.

Ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Kafin a kwantar da ni ta yi lissafi da biro, da wani ma'auni da masana a Amurka suka fitar a 1990. Ka ninka nauyinka na kilo sau 10, ka ninka tsawonka na santimita sau 6.25, ka haɗa, ka cire shekarunka sau 5, ka ƙara 5. In mace ce, maimakon ƙara 5 sai a cire 161. Nawa, ina da shekara 41, ya ba da 1,808. Tsakaninsa da na'ura kalori 68, ɗan fiye da rabin babban cokali na man gyaɗa. Akwai waɗanda lissafin ke kuskure musu da nisa, su na'urar ta fi yi wa amfani. Amma ni, abin da na biya kuɗi na ji, takarda da biro sun kusa faɗa mini shi. Kada ka ji kamar an bar ka a baya don ba a kife maka akushin roba ba.

Abin da na fi yaba musu a nan shi ne rubutu. Gaban yawancin kwalayen abinci akwai alamar ja da ruwan ɗorawa da kore, ta mai da sukari da gishiri, kuma tun 2022 manyan gidajen abinci dole su rubuta kalorin kowane abinci a jerin farashi. Mu kuwa wa ya san yawan sukarin da mai shayi ya zuba, ko man da masa ta sha a tanda? Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, lemon kwalba na rabin lita kusan 200.

Amma wallahi a kayan abinci kun fi mu. Garin gero a nan cikin 'yar leda yake a shagunan 'yan Afirka, kuɗinsa sai ka riƙe baki. Zogale sai busasshe, an niƙa an zuba a kwalba ana sayar da shi kamar magani. Kai kuwa ka shiga Kasuwar Shehu Shagari ka samo gero da wake da rama da yakuwa da albasar da babu kamarta. Na san tsadar rayuwa ta taɓa komai, ba na mantawa. Duk da haka abin da matar nan ta tsara mini kusan abincin gidanmu ne: hatsin da ba a cashe shi fes ba, wake, ganye mai yawa, nono ba sukari. Ta kuma gargaɗe ni da horon yunwa, don jiki yakan rage ƙunarsa ya ci tsokarsa, ƙibar ta dawo ta fi da. Kalori 500 kawai ta ce in rage, in yi tafiya kullum. Cikin wata bakwai na sauko zuwa kilo 84, ƙugu 95.

Roƙona gare ka, ka je wurin telanka ya auna maka ƙugu da tef, wajen cibiya, ba inda kake ɗaure wando ba. Ƙa'idarsu a nan, kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Furarka ta rana ka bar ta, sukarin za ka janye, lemon bayan la'asar kuma ka mai da shi ruwa. Bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, ka taka na rabin awa maimakon hawa kabu-kabu, kuma kada ka ɗauki gumi a matsayin narkewar kitse. Maganinka kada ka daina sai likita ya ce.

Kuɗin shayin na ƙara a kai na sayi sikelin tsayawa da na'urar awon jini ta damtse, wani ɗan Gawon Nama da zai taho ƙarshen wata zai kawo maka. Ka turo mini nauyinka da tsawonka da awon telan, mu yi lissafin tare a waya ran Juma'a. Ka gaishe da Inna, ka shaida mata in ta ga na rame a hoto lafiya ce, ba wahala ba.

Ƙaninka.